Rumbun Aro

Habi ta gargaɗe shi tun kafin a ɗaura wa shanu amalanke. Tana tsaye a ƙofar madafa da ludayi a hannu ta ce, "Malam, abin ga da kaka shirin yi ba baƙi za shi burgewa ba. Ɗiyarka za shi kayarwa." Labbo ya ji matarsa sarai. Ya gyara hularsa, ya ce ta ji da tukunyarta, ya fita. Da ya tsaya ya saurare ta a safiyar nan, da babu abin da za a ba da labari.

Shekara ta biyu ke nan damina tana yi wa mutanen Tozai rowa. Ruwa ya sauka da wuri, aka yi shuka, hatsi ya kai gwiwa, sai sama ta bushe. An yi girbi ne don kada a ce ba a yi ba. Kafin rani ya raba, rumbun Labbo ya koma yadda in ka sa kai ciki ka yi tari, tarin zai dawo maka. Mata suka koma daji tsinkar anza. Ƙwayar anza ɗaci gare ta, kuma takan illata mutum in ba a jiƙa ta ba. Ana ɓare ta, a zuba a tukunya, a yi ta canja mata ruwa kwana da kwanaki har ɗacin ya sake ta, sannan a dafa kamar wake. Kowane gida a unguwar yana da tukwanensa a bayan ɗaki. Kowa yana ci, ba mai faɗi. Maza sukan fito majalisa suna sakace, kamar waɗanda suka tashi daga kan tuwo da nama.

Labbo ya yi firamare ya gama, daga nan uba ya mayar da shi gona. Yana karanta saƙon waya da takardar asibiti, in ba a rubuta su da gaggawa ba. Abin da bai samu ba shi ya ɗora wa ɗiyarsa Saude, wadda ta ci sunan mahaifiyarsa, don haka yake kiranta Uwata. Tana jami'a a Sakkwato, a sashen nazarin ƙasashen Asiya. Ya daɗe bai iya bayyana wa mutane abin da take karantawa ba. A majalisa sukan ce, "Labbo, yaushe za ta dawo ta koya muna rawar Indiya?" Ya yi dariya tare da su, ya koma gida yana saƙe-saƙe, ko dai karatun nan na banza ne ya saka yarinya.

Wata ranar Talata ta bugo masa waya. Ya hau tudun bayan makarantar firamare, inda murya take fita sosai.

"Baba, kun tuna Ba'indiyar da nac ce muku tana yi muna lacca wanga zango?"

"Tsohuwar nan mai hurhura? Na tuna."

Saude ta warware masa komai, a hankali, yadda ta san yana so. A wata lacca Farfesar ta nuna musu hotunan hamadar yammacin Indiya: rairayi, raƙuma, hatsi irin namu, da mata zaune suna jiƙa wani ɗan itace mai ɗaci a cikin tukwane. Saude ba ta san lokacin da ta ɗaga hannu ba, ta ce a gidansu ma haka ake yi. Aji ya ɗauki dariya. Tun ranar wasu suke kiranta Hajiya Anza. Farfesar kuwa ba ta yi dariya ba. Ta sa ta rubuta duk yadda ake yi, Saude ta rubuta a lokacin hutu, tana zaune kusa da uwarta. Yanzu ga abin da ya taso: akwai wata cibiyar bincike a can ƙasarsu da za ta ɗauki ɗalibi ɗaya daga sashen ya je koyon aiki na wasu watanni, kuma maganar Farfesar tana da nauyi wajen zaɓe. Sai dai a baya wasu ɗalibai sun kwafo daga littafi sun ce a ƙauyensu suka gani. Saboda haka tana so ta gani da idonta. Ranar Asabar za su zo, ita da Dokta Amiru, malamin sashen.

"Baba, don Allah kada a gyara komi. Yadda muke ɗin nan, shi suka son gani. Tukwanen Inna, da rumbu, da komi."

"Na ji, Uwata."

Kuma ya ji ɗin. Kada wani ya ce waya ce ta yanke, ko Labbo bai fahimta ba. Ya fahimci kowace kalma. Ya sauko daga tudun da murna a rabin zuciyarsa, ɗaya rabin kuma wani abu mai nauyi ya zauna a kai.

Wansa Usmanu ya fara kai wa labarin. Usmanu yana safarar kaya tsakanin Isa da Maraɗi, shi kaɗai ne a unguwar rumbunsa ke da nauyi a shekarar. Ya saurara yana ɓare goro, bai katse shi ba har ya gama.

"Wato ɗiyarka ta miƙe gaban ɗiyan Kano da na Zariya tac ce jikokin Gobir na cin anza."

"Karatu na, Yaya."

"Awo, karatu na. To in matar ga ta ɗauki hoton tukwanen Habi, ina za shi tsayawa? Gobe a gan shi cikin waya, da sunanka ƙasa. Labbo na Tozai, mai ci da iyali da abincin awaki." Ya tauna goro. "Babanmu ya ga yunwar da ta hi wagga. Ka taɓa ganin ya bar baƙo ya leƙa rumbu ya ga ƙasa?"

Usmanu ya ci gaba.

"Ka manta da anka zo neman auren Fatu ƙanwarmu? Dammunan wa anka jera sama? Na Malami na, makwabcinmu. Baƙi sunka tahi, anka maida mashi abinai. Wa yam mutu? Ga rumbuna nan. Aro na, ba kyauta ba. Su gani su tahi, ka maido."

Haka ake yi tun kakanni, kuma ba wanda ya taɓa kiransa ƙarya. Sutura ake ce masa. Yadda ake aron kwanoni a jera wa amarya, haka ake aron dammuna in baƙon kunya zai zo. Labbo ya kwana biyu yana juya maganar. Abin da ya ƙarasa rinjayarsa ba tsoron hoto ba ne kaɗai. Ya yi ta tambayar kansa, wane ne zai ɗauki ɗiyar mayunwaci ya kai ta ƙasar waje? Manyan mutane in sun zo gida, gidan suke dubawa. In suka ga rumbu wayam, suka shaƙi tsamin ruwan anza, ai za su ce wannan yarinya ba ta kai ta wakilci kowa ba, su ɗauki ɗan wani mai hali. Saude yarinya ce, ba ta san duniya ba. Shi zai kare ta daga abin da ba ta hango ba.

Ranar Juma'a da safe amalanke ta shigo. Aka cika cikin rumbun da karan dawa har kusan wuya, aka jera dammunan Usmanu a sama, masu manyan zangarniya, hatsin da aka noma can wajen da ruwa bai yi rowa ba. Labbo da kansa ya kwashe tukwanen anza ya kai su bayan garken Usmanu ya rufe da zana. Ya dawo ya share gurbinsu, ya watsa busasshen rairayi a kan danshin. Ya je Isa ya auno shinkafa. Da ya dawo ya kama akuyar da ta rage musu, wadda ake ɗan tatsa a zuba a kunu.

"Ita ma?" in ji Habi.

"Baƙi daga Indiya, a ba su mi? Tafasa?"

Ta wasa masa wuƙa ta miƙa masa.

Motar ta iso ranar Asabar da hantsi. Saude ce ta fara fitowa. Ta durƙusa ta gaishe shi, fuskarta cike da fara'a. Tana miƙewa ƙamshin nama ya bugi hancinta. Ta dubi tsakar gida da aka share kamar ranar suna, ta dubi maza da suka cika zaure da manyan riguna, ta dubi uwarta. Habi ta kawar da kai. Labbo ya ga fara'ar ta sauka daga fuskar yarinyar, amma ya ce a ransa, za ta gane daga baya.

Dokta Amiru dogo ne mai tabarau, bai kai Labbo shekaru ba. Farfesar kuwa 'yar ƙaramar tsohuwa ce, ta naɗe jiki da dogon zane, da jaka a kafaɗa. Ta tuɓe takalmi tun a bakin zaure. Ta haɗa tafin hannu ta ce, "Sannu. Ina kwana." Zaure ya ɗauki murna, Usmanu ya ce, "Ka ji Bagobira." Aka shimfiɗa tabarma a inuwar bishiyar bedi, aka kawo ruwa, aka kawo shinkafa da nama har yana tururi.

Farfesar ta dubi kwanon, ta yi murmushi, ta yi wa Dokta magana da Turanci.

"Baba," in ji Dokta, "ta ce a yi mata afuwa. Ba ta cin nama, tun haihuwarta. In akwai ɗan kunu ko fura, ya ishe ta."

Labbo bai yarda ya dubi wajen madafa ba. Usmanu ya jawo kwanon gabansu ya ce, "To ai ba a bar shi shi lalace ba," maza suka sa hannu. Aka dama wa baƙuwa kunu, babu nono.

Da ta sha, sai ta fito da ƙaramin littafinta, ta yi magana tana duban Habi. Dokta ya fassara: tana so ta ga tukwanen da ake jiƙa anza, kuma in Inna ba ta damu ba, ta nuna mata yadda take gane cewa ɗacin ya fita.

Habi ta buɗe baki. Labbo ya riga ta.

"Anza?" Ya yi 'yar dariya, ya dubi mutanen zaure. "Ranka shi daɗe, muna dai jin kakanni na hwaɗi. An ce da can, lokacin babbar yunwa, an ci. Mu Alhamdu lillahi."

Dokta ya gyara tabarau. "Ba ku ci bana ba?"

"Mu? A'a."

"Amma an yi fari. Mun ga gonaki a hanya."

"An taɓa kaɗan. Allah ya rufa asiri. Ga rumbu nan, in tana son gani."

Shi da kansa ya jingina tsani, ya hau ya ɗaga murfin. Tsohuwar ta tattare zanenta ta hau, Saude tana riƙe mata tsanin. Ta leƙa. Ta zaro zangarniya guda, ta murza a tafin hannu, ƙwayoyi manya-manya suka zubo. Ta daɗe tana dubansu. Ta sauko ta yi magana a taƙaice.

"Ta ce hatsi mai kyau ne. Na bana ne?"

"Na bana na, da ikon Allah."

Daga nan ta zagaya gidan a hankali, ba ta tambayi kowa ba. Ta tsaya a bayan ɗakin Habi, inda aka watsa sabon rairayi. Ta tsaya jim. Ta dawo ta zauna, ta rufe littafinta.

Dokta Amiru ya juya wajen ɗalibarsa. Bai ɗaga murya ba, kuma da Hausa ya yi maganar, shi ya sa kowa ya ji.

"Saude, a aikin da kika rubuta kin ce gidanku ne."

"Na ce, Malam."

"Kin ce kin zauna kusa da mahaifiyarki tana canja ruwa. Ni na sa hannu a aikin nan kafin ya kai gabanta."

Saude ta ɗago ta dubi ubanta. Kallo ɗaya. Labbo ya san abin da ke gabanta, domin shi ya ajiye mata shi: ko ta ce ubanta ya yi ƙarya, a gaban wansa da makwabtansa da baƙi, ko ta bari a ce ita ta yi. Ya ga maza goma suna kallonsa da maiƙon akuyarsa a yatsunsu. Ya sa ido a kan tabarma.

Saude ta sunkuyar da kai.

"Ko a makwabta kika gani?" in ji Dokta, yana nema mata mafita.

"Makwabta ma ba su ci," in ji Usmanu. "Ka san yara, Dokta. In sun shiga birni sai sun ƙara ma zance gishiri." Maza suka gyaɗa kai, kowannensu da tukwanensa a bayan ɗaki.

Dokta bai ƙara tambaya ba. Ya gaya wa Farfesar wani abu, ta amsa da kalma biyu ko uku. Sai ta buɗe jakarta ta fito da wata 'yar kwalba cike da ƙananan 'ya'yan itace a cikin mai da yaji. Ta miƙa wa Habi da hannu biyu, tana magana, Dokta yana bi.

"Ta ce wannan shi ne nasu. Ta taho da shi ne don su yi musaya da Inna, ta ɗanɗana naku, ku ɗanɗana nata. Tun da babu, ku ci nata. Ta ce tana yarinya an yi fari a garinsu, uwarta ta riƙe su da wannan. Takan je makaranta da shi a ƙunshi, ta ɓuya bayan aji ta ci don kada yara su gani. Ta ce yanzu a wajensu ba a yin biki sai da shi."

Habi ta ɗauki ɗaya ta sa a baki, ta miƙa wa mijinta kwalbar ba tare da ta dube shi ba. Labbo ya ɗauka ya tauna. Gishiri ya fara zuwa, sai yaji, sai tsami. Can ƙarƙashinsu kuwa ga shi nan, ɗan ɗacin nan da ruwa ba ya iya cirewa duka, wanda yake kwana da shi a harshe tun farkon rani. Ya kasa haɗiyewa. Ya dubi tsohuwar nan, Farfesa guda, da ta haye teku ta zauna a tabarmarsa tana faɗin abin da uwarta ta ciyar da ita, ko gezau. Ya ji kunya irin wadda bai san akwai ta ba, ta fi wadda ya guje wa nauyi nesa ba kusa ba. Lokacin magana bai wuce ba. Amma Usmanu yana zaune dab da shi, gwiwarsu tana gugar juna. Ya haɗiye, ya ce, "Da daɗi."

Baƙi suka yi sallama bayan azahar. Za su biya Alkalawa su ga kufan tsohon birni, su kwana a Sabon Birni. Dokta ya ce Saude ta zauna ta huta, ta biyo motar haya gobe. Bai dube ta ba da yake faɗi. Farfesar ta riƙe hannun yarinyar na ɗan lokaci kafin ta shiga mota.

Labbo ya so Saude ta yi kuka, ko ta yi masa tsiwa, ya sami abin da zai yi faɗa a kai. Ba ta yi ba. Ta cire kayan makaranta ta ɗaura zane, ta wanke kwanonin da maza suka bari. Da la'asar ya ji tana tambayar uwarta, "Inna, ina tukwanen? Yau ba a canja musu ruwa ba, za su lalace." Habi ta ce, "Tambayi wanda yak kai su." Ba ta tambaye shi ba. Ta kawo masa ruwan alwala ta ajiye.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Na ga kamar in sunka ga babu komi gidan, za su rena ki."

"Na sani, Baba. Kun yi ɗawainiya. Ku huta."

Ta tafi. Ya zauna da butar a gabansa har aka kira sallah.

Washegari da sassafe amalanken Usmanu ta dawo ɗaukar kayanta. Labbo ya miƙa dammunan ɗaya bayan ɗaya, ya fitar da karan dawa ya zube a tsakar gida, ya bar rumbun a buɗe. Sannan ya zagaya bayan garke, ya yaye zana, ya ɗauko tukunya mafi girma. Ya tsiyaye rabin ruwan, ya ɗaure bakinta da tsumma, ya rungumo ta. Bai bi ta bayan gida ba. Ta gaban majalisa ya bi, tsamin ruwan yana tafe gabansa.

"Labbo, mi kaka ɗauke da shi?" in ji wani.

"Anza ta."

Ba wanda ya sake magana sai Usmanu, da ya biyo shi har bakin hanya. "Ka haukace? Bayan an rufa maka asiri?"

"Yaya, na gode da aro. An maida maka, ka duba."

Ya tsayar da ɗan kabu-kabu mai babur, ya hau da tukunyar a cinya. Hanya ta yi ta watsa masa ruwan a riga, daga Tozai zuwa Isa, daga Isa zuwa Sabon Birni. Ɗan kabu-kabun ya ce, "Baba, wagga ai ta kusa nuna. Ta gidanmu sai jibi." Labbo bai san dalili ba, amma maganar ta sa idonsa ya cika.

Ya sami motar a ƙofar masaukin baƙi, direba yana goge gilashi. Dokta Amiru yana zaune a benci wajen mai shayi. Ya ga mutum ya nufo shi da jiƙaƙƙiyar riga da tukunya a ƙirji, ya ajiye kofinsa.

"Baba, lafiya?"

Labbo ya dire tukunyar a gabansa, ya kwance tsumman. "Ranka shi daɗe, ga abin da muka ci. Shi munka ci shekaranjiya, shi za mu ci yau. Hatsin da kunka gani na wana na, aro na yi. Ƙasan rumbun kara na. Yarinyar ga ba ta yi ƙarya ba, ko kalma guda. Ni na yi. Ina matar take, in hwaɗa mata da bakina?"

Dokta ya dubi tukunyar, ya dubi mutanen da ke shan shayi, waɗanda duk suka miƙo wuya.

"Ta wuce tun asuba. Wata mota ta zo ta ɗauke ta, jirginta yau ne. Zangonta ya ƙare, gida za ta."

Labbo ya zauna a ƙasa kusa da tukunyar.

"Me ya sa, Baba? An gaya maka abin da muka zo gani."

"An hwaɗa mani."

"To me ya sa?"

"Kunya, ranka shi daɗe."

Dokta ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce shi ma ɗan ƙauye ne, ya san aron dammuna, kuma jiya zuciyarsa ta raya masa haka. Amma uba ya faɗa da bakinsa a gaban jama'a, ɗaliba kuma ta yi shiru, me zai ce wa baƙuwa? Ya ce a mota ya tambaye ta abin da ta gani, ta ce tana tunani, ba ta ƙara ba. Bai san abin da ta rubuta a littafinta ba.

"Mu koma ka ga rumbun. A buɗe nab bar shi."

"Ina da lacca gobe da safe, ba zan iya ba." Ya fito da wayarsa ya ɗauki hoton tukunyar, ya sa Labbo ya ɗebo ƙwayar a tafin hannu ya sake ɗauka. "Zan aika mata, in rubuta duk abin da ka ce. Amma kada in ruɗe ka. Ba ni ke zaɓe ba, kuma ba ita kaɗai ba ce, akwai waɗanda za ta zauna da su a can. Wani zai iya cewa uba ya ga ɗiyarsa za ta rasa, ya nemo tukunya ya kawo."

"Haka na."

"Ka bar mini ita in kai sashen?"

Labbo ya dubi tukunyar. Abincin gidansa ne na kwanaki. Ya ɗaure bakinta da kansa, ya taimaka wa direba suka sa ta a bayan mota, suka tokare ta da tsummoki.

Da ya koma Tozai Saude ta riga ta tafi tasha. Habi ta dawo da sauran tukwanen gurbinsu, tana canja musu ruwa. Kwalbar Ba'indiyar tana kan katanga. Ya tsuguna ya riƙe mata masaki tana tsiyayewa, abin da bai taɓa yi ba. Ta dubi rigarsa, ba ta tambaye shi inda ya je ba, don labari ya riga shi zuwa.

A majalisa an ɗan yi kwanaki ana yi masa shaguɓe, daga baya aka bari. Usmanu yana amsa gaisuwarsa a taƙaice. Saude tana bugo waya kamar yadda ta saba, ta tambayi lafiyar kowa, ta ce lacca ta yi yawa, jarrabawa ta kusa. Ta ce tukunyar tana ofishin Dokta, har 'yan ajinsu suna zuwa leƙawa. Maganar Indiya ba ta tayar ba, shi kuma in ya kai bakin tambaya sai ya ce mata ta riƙa cin abinci.

Duk ranar Talata yakan hau tudun bayan makaranta ya tsaya da waya a hannu. Har yanzu ba a sanar da wanda aka ɗauka ba. Labbo bai sani ba ko hoton ya isa hannun tsohuwar, bai sani ba ko ta yarda da shi, kuma bai san abin da ta gane ba lokacin da ta tsaya a kan sabon rairayin nan na bayan ɗakin Habi.